ZARE: Hannun Yayana da tarihin saƙar jikin ɗan Adam

1/ Zaren yau mai tsawo ne, ku gyara zama. Tarihi ne na yadda ɗan Adam ya gano da me aka haɗa jikinsa. Amma daga gidanmu zan fara, a Sukuntuni ta ƙaramar hukumar Kankiya, don a can tambayar ta fara damuna. 🧵

2/ Ina aji biyu a sakandare Yayana ya faɗi a babur, yana dawowa daga kasuwar Charanchi. Da kafaɗa ya sauka. Fatar hannu ta saɓule, ƙashin damtse ya karye, aka kwaso shi jina-jina. Mun gode Allah da Ya bar mana shi da rai.

3/ Cikin sati uku fata ta rufe. Mai ɗori ya yi nasa aikin, bayan wata biyu ƙashi ya kama garau. Amma hannun nan har yau bai ɗagu ba. Yana nan a rataye, ya rame, ko allura ka soka masa ba ya ji.

4/ Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce mai ɗori ne ya ɓata aiki, har gaisuwa aka daina da gidansu. Wasu suka ce ai jifa ne, aka sayar da tumaki aka shiga neman magani. Ni kuwa abu ɗaya ke cina: faɗuwa ɗaya ce, hannu ɗaya ne. Me ya sa fata ta warke, ƙashi ya warke, motsi ya ƙi dawowa?

5/ Sai da na shiga karatun kiwon lafiya a Kankiya na samu amsa. Kuma abin mamaki, rabin amsar na riga na ji ta tun ina yaro, a bakin Kakana na wajen uwa, Allah Ya jiƙansa. Mahauci ne, a fawa ya tsufa.

6/ In yana fiɗar akuya yakan sa in riƙe ƙafa. Ya nuna da tsinin wuƙa: ga tsoka, ga kitse, ga guringuntsi, ga agara, ga tantani, ga ɓargo. In na ce duk ai nama ne, sai ya ce: "Kai yaro, mi ka sani? Dafa su tukunya guda ka gani in tare za su nuna."

7/ Ya yi gaskiya. Tsoka takan nuna da wuri, kitse ya narke, agara sai ta sha wuta. Abu daban-daban ne aka haɗa ya zama gaɓa guda. Wannan shi ne asalin ilimin da zan ba ku tarihinsa. Kalmar da Turawa ke amfani da ita daga Faransanci ta fito, ma'anarta saƙaƙƙen yadi. Larabawa ma nasij suke cewa. Don haka a zaren nan zan ce SAƘA.

8/ Amma akwai inda Hausa ta cakuɗa mu: kalmar JIJIYA. Wadda ake ɗibar jini a cikinta jijiya. Wadda ke bugawa a wuyan hannu jijiya. Farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Abu huɗu, suna ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Kada ku ce Hausa ce kaɗai. Tsoffin Girkawa ma da kalma ɗaya suke kiran agara da jijiyar saƙo. Ga ido duk farin zare ne. Ɗaruruwan shekaru aka kwashe kafin a raba su.

10/ Mu koma baya. Aristotal, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa sassan jiki gida biyu. Akwai waɗanda in ka gutsura guntun yana nan da sunansa: guntun ƙashi ƙashi ne, ɗigon jini jini ne. Akwai waɗanda ba haka ba: guntun hannu ba hannu ba ne. Na farkon su ne saƙa.

11/ Sai dai shi ma ya yi tuntuɓe. A ganinsa da zuciya ake tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Har yau Bahaushe na cewa "na ce a zuciyata", to ba mu kaɗai muka taɓa zaton haka ba. 😄

12/ A Iskandariya ta Masar, wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, wani likita mai suna Herophilus ya feɗe gawarwakin mutane. Shi ya fara bambance jijiyar saƙo da agara da hanyoyin jini, ya kuma bi zaren ya ga daga ƙwaƙwalwa da laka yake fitowa.

13/ Daga baya Jalinus ya zo, an haife shi a shekarar 129. Ya yi likitancin 'yan wasan takobi, ya ga raunuka iri-iri. A gaban jama'a yakan ɗaure wata siririyar jijiya a wuyan alade mai ihu, nan take ihun ya ɗauke, dabbar kuwa tana numfashi. Hujja ke nan cewa zaren nan umarni yake ɗauka.

14/ Ilimin ya shigo hannun Musulmi. Ibn Sina ya kammala littafinsa Al-Ƙanun fid Ɗibb a shekarar 1025. A ciki ya lissafa sassa na asali da ake haɗa gaɓoɓi da su, irin su ƙashi, guringuntsi, jijiyar saƙo, agara, hanyoyin jini iri biyu, tantani da tsoka. Wallahi da na fara karanta jerin, muryar Kaka na ji.

15/ Littafin nan an fassara shi zuwa Latin, an karantar da shi a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. Amma duk wannan da ido da wuƙa aka yi shi. Abin da ido bai gani ba kuwa yana nan a ɓoye.

16/ Sai madubin girmama ƙananan abubuwa ya fito, wato maikiroskof. A 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo, ya ga sirantattun hanyoyin jini da ke haɗa masu fita daga zuciya da masu komawa. Kafin nan an san jini na zagayawa, ba a dai ga mahaɗar ba.

17/ A 1665, lokacin Wali Ɗan Masani yana raye a Katsina, Robert Hooke a Landan ya yanko ɓawon itace siriri ya duba. Ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya sa musu sunan da ke nufin ƙaramin ɗaki. Su ne yau muke kira ƙwayoyin halitta.

18/ Akwai kuma Leeuwenhoek na garin Delft a Holan. Ba likita ba ne, ɗan kasuwar yadi ne, irin na Kantin Kwari. Ya ƙware wajen goge gilashi, da shi ya ga jajayen ƙwayoyin jini, ya ga zane-zanen da ke jikin zaren tsoka. Mai sayar da saƙa ya leƙa saƙar jiki.

19/ Yanzu ga gwarzon labarin: Xavier Bichat, ana faɗin sunan Bisha. Bafaranshe ne, an haife shi 1771, ya yi aiki a babban asibitin Hôtel-Dieu na birnin Paris. Abin dariya, bai yarda da maikiroskof ba sam. Na zamaninsa suna ruɗa ido, sai ya ajiye su gefe.

20/ To da me ya yi aiki? Da dabarar mahauta da majema. Ya yanko sashe, ya jiƙa wani a ruwa, ya dafa wani, ya shanya wani, ya bar wani ya ruɓe, ya zuba wa wani ruwan asid. Duk waɗanda suka amsa iri ɗaya ya ce saƙarsu ɗaya, ko da ɗaya daga huhu yake ɗaya daga hanji.

21/ Da haka ya feɗe ɗaruruwan gawarwaki, ya fitar da saƙa iri 21, ya wallafa a littattafansa na 1800 da 1801. Kun tuna "dafa su tukunya guda ka gani"? Gwajin ke nan, sai dai shi ya rubuta nasa.

22/ Babban abin da ya kawo shi ne wannan: cuta ba lallai ta kama gaɓa gaba ɗaya ba, saƙa take zaɓa. Tantanin da ya lulluɓe zuciya na iya kumbura, tsokar zuciyar tana lafiya lau. Kafin shi, likitoci a gaɓa suke tsayawa, su ce ciwon hanta, ciwon huhu, shi ke nan.

23/ Bai yi tsawon rai ba. Ya faɗi a matakalar asibiti, zazzaɓi ya biyo baya, ya mutu a Yulin 1802 yana da shekara 30. Shekara biyu ke nan kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Da yawanmu a nan mun girme shi.

24/ Bayansa maikiroskof ya gyaru. A 1839 Theodor Schwann na Jamus ya nuna cewa jikin dabba duka da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kamar yadda abokinsa Schleiden ya faɗa game da tsirrai a 1838. Wato in saƙa yadi ce, ƙwayar halitta ce zarenta. Ku riƙe sunan Schwann, zai dawo.

25/ A 1858 Rudolf Virchow ya ƙara zurfafawa, ya ce kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa, kuma a cikinta cuta ke farawa. Nan ne asalin abin da ake yi yau in likita ya yanki ɗan tsiro ya ce a kai ɗakin gwaji.

26/ Matsala ɗaya ta rage: siririn yanki a ƙarƙashin madubi ba shi da launi, kamar ruwa. Sai aka ari sana'ar marina. A shekarun 1860 da 1870 aka samo rini biyu, ɗaya daga wani itace na tsakiyar Amurka mai ba da shuɗi, ɗaya mai ruwan hoda. Har gobe da su ake aiki a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya.

27/ Da rini da madubi, masanan ƙarni na 19 suka ga cewa 21 ɗin Bisha sun maimaita juna. Aka tattara su suka koma gida 4, su ne ake koyarwa yau: saƙar rufi, saƙar haɗi, tsoka, da saƙar jijiyar saƙo. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

28/ TA ƊAYA: saƙar rufi, a littafi epitiliyam. Ƙwayoyi ne manne da juna kamar daɓe, ba tazara. Ita ce saman fata, ita ce shimfiɗar cikin baki, hanji, huhu da mafitsara. Duk abin da zai shiga jiki ko ya fita sai ya ratsa ta. Gumi, yawu da nono ma daga gare ta suke fitowa.

29/ Ita ce mai saurin sabuntawa. Saman fatarka yakan canza cikin kamar wata guda, shimfiɗar hanji kuwa cikin kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa in ka ƙone harshe da shayin mai shayi, jibi ka manta. Shi ya sa kuma fatar Yaya ta riga komai warkewa.

30/ Amma saurin nan yana da farashi. Wurin da ƙwayoyi ke yawan rabuwa nan kuskure ke yawan faruwa. Mafi yawan kansa daga saƙar rufi take tashi: ta mama, ta bakin mahaifa, ta hanji. Rigakafin ta bakin mahaifa ya shigo Najeriya a Oktoban 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ku kai ƙannenku.

31/ 'Yan uwa masu shafa man bilicin, maza da mata, ku ma a nan kuke. Da yawan mayukan nan na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata. Katangar gida ce kake kankarewa. Ranar da tiyata ta kama, ɗinki ba ya riƙewa da kyau, ciwo ya daɗe bai rufe ba.

32/ TA BIYU: saƙar haɗi. A nan ƙwayoyin a warwatse suke, abin da ke tsakaninsu ne ya fi yawa. In abin ya yi tauri da sinadarin kalsiyam, ƙashi ke nan. In ya yi danƙo, guringuntsi. In igiya ce, agara. In ruwa ne, jini. E, jini ma a gidan nan yake, shi da kitse.

33/ Igiyar da ke cikinta sunanta kolajin, daga kalmar Girkanci mai nufin abin liƙi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikinka ita ce. Kun taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana lokacin hunturu, da safe ya daskare yana rawa? Kolajin ce ta narke. Ganda ma ita ce.

34/ Majemanmu sun daɗe da raba saƙa ta ɗaya da ta biyu ba tare da sunan boko ba. A jiƙa fata da toka, a kankare gashi da saman, a bar ta ƙasan mai kolajin, a jeme ta da bagaruwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi haka ta ƙetara Sahara, Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko.

35/ Ƙashi yana da jini sosai, shi ya sa karaya ke kamawa. Jini ya taru a wurin, ya zama danƙo, danƙon ya zama sabon ƙashi cikin sati 6 zuwa 12. Aikin mai ɗori ko likita shi ne daidaita bakin biyu a hana motsi. Haɗawar jiki ne ke yi da ikon Allah.

36/ Guringuntsi kuwa ba hanyar jini a cikinsa. Shi ya sa ɗan ƙwallon da ya ji ciwo a gwiwa ke shekara yana ɗingishi, wanda ya karye ƙafa ya riga shi komawa fili. Gida ɗaya suke, rabonsu na jini ne ya bambanta.

37/ Sikila ma ciwon saƙar nan ne. Jar ƙwayar jini lafiyayya na yin kwana 120, mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20, kuma tana toshe sirantattun hanyoyin nan da Malpighi ya gani a huhun kwaɗo. Nan ne asalin azabar ƙashin. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. A yi gwaji kafin soyayya ta yi nisa, don Allah.

38/ TA UKU: tsoka. Aiki ɗaya ta iya, ta tsuke ta saki. Iri uku ce. Ta jikin ƙashi, wadda kake sarrafawa, sun haura 600. Ita ake yanyanawa a yi kilishi. Sai ta zuciya, mai bugawa wajen sau 100,000 a yini ba ka sa ta ba. Sai ta hanji, mafitsara da mahaifa, ita ma ba ta jiran izininka.

39/ Tsokar jikin ƙashi na iya gyara kanta daidai gwargwado. Ta zuciya kam in ta mutu, saƙar haɗi ce ke cike gurbin da tabo, tabo kuma ba ya bugawa. Shi ya sa ake ta faɗan hawan jini tun mutum yana jin kansa garau.

40/ Kowace saƙa da jini take rayuwa, kuma Katsina ta san haka da ciwo. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne naman da ke tsakaninsa da ƙashin ƙugu, jini ya yanke, wurin ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe daga mafitsara. Yoyon fitsari ke nan. Ba laifin matar ba ne, ba kuma asiri ba.

41/ A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin wannan a shekarun 1980. Aikin kuturta ne ya kawo shi. Ya yi wa dubban mata aiki, ya koyar da likitoci da yawa. Yau wurin cibiya ce ta ƙasa.

42/ TA HUƊU, kuma ita ta fi ba masana wahala: saƙar jijiyar saƙo. Ƙwaƙwalwa, laka, da zaruruwan da suka bazu har yatsan ƙafa. Rinin da ya yi aiki a sauran, a nan sai ya nuna cunkushe kamar zaren da akuya ta tattake.

43/ A 1873 Camillo Golgi, a ɗakin girkin wani asibiti a Italiya da ya mayar wurin gwaji, ya samo rini na ruwan azurfa. Rinin yakan zaɓi ƙwaya ɗaya cikin masu yawa ya baƙanta ta tun daga kai har wutsiya. A karon farko aka ga siffarta, da rassa kamar bishiyar kuka a rani.

44/ Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya ɗauki rinin ya zana abin da ya gani. Ya ce kowace ƙwaya zaman kanta take, akwai 'yar tazara tsakaninta da ta gaba. Golgi ya ce ina, raga ɗaya ce. Aka ba su kyautar Nobel tare a 1906, a wurin bikin ma ba su daidaita ba. Cajal ne ya yi daidai.

45/ Ƙwaƙwalwarka na da irin ƙwayoyin nan wajen biliyan 86. Saƙo a cikin jijiya mafi sauri na gudun mita 100 da ɗoriya a daƙiƙa. Ka taka ƙaya, ka ɗage ƙafa kafin ka ce wayyo, don laka ta ba da umarni ba ta jira ƙwaƙwalwa ba.

46/ Kuturta a nan take ɓarna. Ƙwayar cutar, wadda Hansen ya gano a Norwe a 1873, tana shiga ƙwayoyin da ke nannaɗe jijiya, waɗanda ke ɗauke da sunan Schwann ɗin nan. Ji ya ɗauke. Mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwo kan ciwo har yatsu su gajarce. Yau tana da magani, kuma kyauta ne.

47/ Shan inna ma haka. Kakanninmu sun ga ƙafa ta tsotse suka ce Inna ce ta sha. Abin da ke faruwa, cutar na kashe ƙwayoyin laka masu ba tsoka umarni. Tsokar da ba ta samun saƙo sai ta rame. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali, da ɗigon rigakafi aka kai nan.

48/ To mu dawo kan Yaya. Daga wuya akwai damin jijiyoyi da ke fita daga laka su gangara hannu. In mutum ya faɗi da kafaɗa, kai ya tafi gefe ɗaya kafaɗa ta tafi ɗaya, damin na iya miƙewa, ya tsinke, ko ya tumɓuke daga tushe. 'Yan babur sun fi kowa gamuwa da shi.

49/ Jijiyar hannu ko ƙafa tana iya tsirowa in an haɗa bakinta, amma a hankali, kamar milimita ɗaya a yini. Lissafa daga wuya zuwa yatsa. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada: in ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙo, ko jijiya ta iso ba ta ƙara amsawa.

50/ Shi ya sa likitocin wannan fanni ke son ganin mutum cikin watannin farko, kafin wata shida. Ko wadda ta tumɓuke daga laka, wadda ba ta tsirowa, ana iya aro wata jijiyar daga kusa a jona, a samu ko lanƙwasa gwiwar hannu ne.

51/ Mu sai bayan shekara uku muka kai shi wurin likitan da ya san abin. Ya gwada, ya ce tun ranar faɗuwar jijiyar ta tafi, kuma lokacin aiki ya wuce. Yaya bai ce komai ba har muka hau mota. A hanya ya ce: "Ashe bawan Allahn nan ba shi da laifi." Mai ɗori yake nufi.

52/ Kada a fahimce ni a baibai. Ɗaurin da ya matse fiye da kima yana kashe hannu, an sha yanke gaɓoɓin yara saboda haka. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi bayan ɗori, a kwance a tafi asibiti a ranar. Amma a namu, ƙashi aka kai masa, ƙashi kuma ya gyara.

53/ Abin da ya cuce mu, duk gidan ba wanda ya san cewa a hannu ɗaya akwai saƙa huɗu, kowace da agogonta. Mun ga fata ta rufe, ƙashi ya kama, muka ce saura motsi, a yi haƙuri zai zo. An ce mana "jijiya ce", muka ɗauka irin wadda ake murzawa da man zafi.

54/ Don haka in an ce maka jijiya ce, tambaya: wacce? Ta jini, ko agara, ko ta saƙo? Bayan kowane haɗari, ko fata ba ta fashe ba, a duba abu biyu: yana iya motsa yatsunsa? Yana jin taɓi? In amsar a'a ce, wannan ba na jira ba ne.

55/ Da Sallar da ta wuce Yaya ya je har gida ya gaida mai ɗorin, tsoho ne yanzu, ido ya yi rauni. Da hannun hagu suka gaisa. Yaya na nan yana kasuwancin hatsi, da hagun yake awo, kuma ya fi ni saurin lissafi.

56/ Nan zan tsaya. Wanda ke da ɗan uwa ɗan acaɓa ko mai yawan hawa babur, ya tura masa daga lamba 48. Masu karatun lafiya, in akwai sunan da garinku ke kiran wani sashe da shi wanda ban ambata ba, ku ajiye a ƙasa, ina tattarawa. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 🙏🏾